Ra'ayinmu: Labarin Ciki a Tambayi Fata

Duk Bahaushen da ya taɓa shiga kara don sayen ragon layya, ko ya tsaya kallon dawaki ranar hawan salla, ya san wani abu wanda ba a aji aka koya masa ba, wato ƙoshin dabba a gashinta ake ganinsa. Dillali ba ya tambayar mai rago abin da yake ba shi. Da ya shafa gadon bayansa ya ga gashi ya kwanta luf yana sheƙi, ya san an sha harawa da dusa da kowar wake. In kuwa ya ga gashin ya tashi tsaye, ya yi furu-furu, yana biyo hannu, ya san an yi fama da yunwa ko tsutsar ciki. Har yau ba mu ji labarin mai kiwon da ya ga ragonsa ya ƙanjame, ya ruga kanti ya sayo man shafawa ya mulke shi da shi don ya yi daraja a kasuwa ba. Da wani zai yi haka, da yara sun raka shi gida da ihu. Amma abin da ba za mu yarda a yi wa rago ba, shi muke yi wa kanmu a cikin wannan jami'a, mu da ake kira masu ilimi.

Wanda yake ganin mun yi ƙari, ya zaga shagunan da ke bakin ɗakunan kwanan ɗalibai ya ga abin da ya cika kantoci. Man gyaran fata kala-kala, sabulun korar ƙuraje, man tsiro da gashi, man fito da gemu, ƙwayoyin da aka ce suna sa jiki ya murje. Sa'an nan ya leƙa cikin ɗakunan da kansu da misalin ƙarfe biyu na rana ya ga abin da ake ci: garin kwaki da sukari, ko taliyar leda tsurarta, ko burodi da lemon kwalba. Ba 'yan'uwanmu mata kaɗai muke nufi ba, gama samarin ma yanzu ba a bar su a baya ba. Ɗalibi zai ƙuntata wa cikinsa mako guda cur don ya tara kuɗin kwalbar mai guda, alhali kuwa ƙuntatawar nan ita ce ta kawo abin da yake neman ya rufe da man. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mu kuwa a wannan fitowa muna so mu ƙara da cewa labarin ciki a tambayi fata da gashi.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya ɗan leƙa ilimin halittar jiki. Fatar baligi, in da za a shimfiɗa ta, ta kusa murabba'in mita 2, kuma ba riga ba ce da aka ɗinka sau ɗaya aka gama. Kullum ana saƙa sabuwa daga ƙasa, tsohuwa tana kakkaɓewa daga sama, ta yadda a cikin kamar wata guda ɓawonta na sama ya sake gaba ɗaya. Gashin kai kuma ya kai sili 100,000, kowanne yana ƙaruwa da abin da ya kusa santimita 1 a wata, kuma ko mai cikakkiyar lafiya yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wasu su maye gurbinsu. Gashin da muke gani a waje matacce ne, shi ya sa wanzami ba ya sa mu kuka. Mai ran yana can cikin fata, a saiwa, kuma jini ne ke kai masa abinci. Abin da ake ƙera shi da shi wani nau'in furotin ne mai suna keratin, kuma jiki ba shi da inda zai samo kayan wannan aiki sai daga akushi. Man da aka shafa yana iya tausasa silin da ya riga ya fito, ya hana shi karyewa, ya kuma tare wa fata bushewar hunturu, wannan kam ba mu musa ba. Amma ba ya gina ko sili ɗaya.

Akwai kuma wata hikima a halittar ɗan Adam da ya kamata mu lura da ita. Idan abinci ya yi ƙaranci, jiki ba ya raba shi daidai wa daida. Ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta ake fara sallama, gashi da farce su ne 'yan baya ga dangi, domin ba wanda ya taɓa mutuwa don gashinsa ya zube. Saboda haka su ne ke fara kai ƙara. Sai dai ƙarar ba ta isowa nan take: saiwar da ta ji yunwa takan daina aiki ta kwanta, sai bayan wata 2 zuwa 3 silin ya faɗo. Wannan jinkiri shi ke ɓatar da mutane. Ɗalibar da ta yi zaman jarrabawa da shayi da biskit, ko ta kwanta da taifot, ko ta hana kanta abinci don ta rage ƙiba, sai zango ya zagayo ta ga mataji yana cika da gashi, ta ɗora laifin a kan ruwan makaranta, ko mai kitso, wani lokaci ma a kan sammu, gama ta riga ta manta da yunwar da ta wuce.

Mafi munin wannan al'amari kowa ya taɓa ganinsa a jikin yaran da tamowa ta kama. Wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, ita ce ta fara bayyana nau'in tamowa mai kumburi a rubuce a 1933, lokacin da take aiki a asibitin yara na birnin Akara, wanda mutanenmu na zango ke kira Ankara. A 1935 ta sa masa sunan da mutanen Ga suke kiransa da shi, kwashiyoko, wato ciwon yaron da ƙanensa ya ture daga nono, abin da ya yi daidai da ɗan da aka yi wa kwanika a wurinmu. Yaran da ta gani kunun masara zalla ake ɗura musu bayan yaye. Gashinsu ya yi ja, ya saki, murɗewarsa ta warware, ana taɓawa yana tsigewa. Fatarsu kuma tana ɗayewa kamar tsohon fenti a jikin bango. Har akan sami yaron da gashinsa ya yi zebra, nan baƙi nan ja, baƙin na watannin da aka ƙoshi, jan na watannin da aka rasa, ta yadda likita zai iya karanta tarihin rumbun gidan a kan yaron. Ba mu ce akwai mai tamowa a cikinmu ba. Amma dokar da ta yi aiki a kan yaron nan ita ce ke aiki a kan ɗan shekara 20 da ya mai da rogo abincin safe da rana da dare; bambancin na mataki ne kawai.

Labarin da ya fi dacewa ɗalibi ya sani a wannan fage shi ne na wata cuta mai suna felagira, kalmar Italiyanci mai nufin fata mai kaushi. Tun da aka kai masara Turai daga nahiyar Amurka, talakawan Sifen da Italiya suka mai da ita abincinsu na kullum, sai wata cuta ta ɓulla a cikinsu. Duk inda rana ke taɓawa a jiki, bayan hannu da ƙafa da fuska da wuya, sai ya yi ja kamar ƙuna, ya yi baƙi, ya tsattsage. Na wuyan yakan zagaye kamar sarƙa, har yau likitoci suna kiransa sarƙar Casal, da sunan likitan Sifen da ya fara lura da cutar a 1735. Bayan fata sai gudawa, bayan gudawa sai taɓin hankali, daga nan sai kabari. A kudancin Amurka, tsakanin 1906 da 1940, ta kama mutum kimanin miliyan 3, ta kashe wajen 100,000, galibinsu manoman auduga 'yan ƙodago waɗanda ba su da abinci sai garin masara da kitse da maɗi.

Manyan likitocin lokacin sun haƙiƙance ƙwayar cuta ce ake ɗauka. A 1914 gwamnati ta tura wani likita mai suna Joseph Goldberger ya nemo ƙwayar. Da ya zaga gidajen marayu da asibitocin masu taɓin hankali, sai ya lura da abin da kowa ke gani amma ba wanda ya yi tunani a kansa: mazauna gidajen suna kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su dare da rana ba sa kamuwa. Wace irin annoba ce mai sanin albashi? Ya duba kwanukan ɓangarorin biyu, ya ga amsa. Ya sa aka ƙara wa marayu madara da ƙwai da nama da wake, cuta ta ɓace. A 1915 ya juya gwajin: a wani gidan yari na jihar Misisifi aka ɗora fursunoni 11 masu ƙoshin lafiya a kan abincin masara, bisa alkawarin za a yi musu afuwa, kafin wata 6 ya cika 6 daga cikinsu sun fito da cutar. Duk da haka aka ƙi yarda. Sai a 1916 shi da abokan aikinsa, har da matarsa, suka yi abin da hankali ba ya so ya ji: aka yi musu allurar jinin masu cutar, wasunsu suka haɗiyi ɓawon gyambon da ƙazantar marasa lafiyar, ba wanda ya kamu. Shugabannin yankin sun fusata da shi, domin in dai cutar ta abinci ce, to sunanta talauci, kuma talauci yana da masu laifi. Ya rasu a 1929 bai ga ƙarshen aikin ba. Sai a 1937 wani masani mai suna Conrad Elvehjem ya gano cewa abin da ya ɓace shi ne niyasin, ɗaya daga cikin dangin bitamin B.

Abin sha'awa, mutanen Meziko da suka fara noma masara, suka ci ta dubban shekaru, ba su san wannan cuta ba, saboda sukan dafa ta da ruwan farar ƙasa ko na toka kafin su niƙa, wannan kuwa yana kwance niyasin ɗin da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Turawa sun ɗauki iri, sun bar dabara.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne na wata duniya. A 1990, a sansanonin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke ƙasar Malawi, mutum fiye da 18,000 suka kamu da felagira. Garin masara bai yanke ba, ana raba shi. Abin da ya yanke na wasu watanni gyaɗa ce. Gyaɗar nan dai da muke rainawa, wadda kakanninmu suka tara dalarta a Kano, wadda yarinya ke bin mu da ita a faranti muna korarta, tana cikin abubuwan da suka fi kowanne yawan niyasin, ga furotin kimanin kashi 25 cikin 100. Mu ma a arewa, tun daga tsakiyar shekarun 1970 da aka kafa shirye-shiryen bunƙasa noma a Funtuwa da Gusau da Gwambe, masara ta ci gonakin gero da dawa a wurare da yawa, har ta zama ita ce tuwon gida. Ba laifi ba ne cin masara, in dai tana da abokan tafiya. Laifin shi ne a surfe ta tas, a wanke, a niƙa ta fari fat don tuwo ya yi kyan gani, a kwashi dusar, inda yawancin bitamin B yake, a zuba wa tumaki, sa'an nan a ci tuwon da miyar da ba ta san wake ko gyaɗa ko kifi ba. Mai tsagewar gefen baki da ba ta jin magani, da mai jan harshe, da mai ɓarewar fata a gefen hanci, sau da yawa ƙarancin dangin bitamin B ɗin nan ne ke damunsu, ba sanyi ba kamar yadda ake faɗa.

Sai batun da ya fi shafar 'yan'uwanmu mata, wato ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A sake karanta wannan adadi: fiye da rabi. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu kason, amma babban kaso na rashin sinadarin ƙarfe ne a abinci, ga shi kuwa mace mai al'ada tana buƙatar ninki biyu ko fiye na abin da namiji ke buƙata. Saiwar gashi na cikin sassan jiki masu saurin hayayyafa, don haka da ƙarfe ya ja baya take ji. Gashi ya riƙa zuba, farce ya yi gautsi har ya lotsa kamar cokali, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, hawan bene biyu zuwa ɗakin lacca ya zama aiki. Abin takaici shi ne wannan ɗashewar ta rashin jini wasu ke yaba wa, a ce wance ta yi haske. Hanta da nama da kifi su ne suka fi ba da ƙarfen da jiki ke saurin karɓa. Wake da gero da ganyaye ma suna da shi, sai dai nasu yana son rakiyar bitamin C, wato ɗan lemo ko tumatir ko gwaiba a kan abincin. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana riƙe ƙarfen a hanji ya hana shi shiga jini. Ba mu ce a rufe teburin mai shayi ba, Allah ya kiyaye, da an rufe jami'ar ke nan. Cewa muka yi a ba shi tazarar kamar awa guda daga abinci. Haɗin lemon malt da madarar gwangwani da ake sha da sunan ƙarin jini kuwa, daɗi ne da shi, ƙarfe kam ba ya ciki sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Bitamin C ɗin da muka ambata yana da wani aikin na kansa, gama da shi jiki ke saƙa kolajin, zaren da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini. Matuƙan jiragen ruwan Turawa da ke yin watanni a teku ba ɗanyen abu sun sha mutuwa saboda rashinsa: dasashi na jini, gashin jiki na nannaɗewa, tsohon rauni na sake buɗewa. A 1747 likitan sojan ruwan Ingila James Lind ya raba marasa lafiya 12 gida 6, ya ba kowane gida magani dabam, waɗanda suka sami lemon zaƙi da na tsami ne suka tashi cikin kwana 6. Mu da Allah ya ba gwaiba, wadda ta fi lemo yawan wannan bitamin, da garin 'ya'yan kuka, da tattasai, da mangwaro har yana ruɓewa a gindi, ba mu da uzuri. A dai tuna wuta na kashe shi, kanwa ma haka. Miyar ganyen da aka zabga wa kanwa aka bar ta tana tafasa tun hantsi ta rasa mafi yawansa. Bitamin A kuma, wanda rashinsa ke kawo dundumi, shi ke hana fata bushewa da yin ƙurzunu kamar bayan kwaɗo. Yana cikin manja da karas da kabewa da gwanda da hanta da korayen ganye, amma sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa. Duk wadda ta fara kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa da tumatir da albasa, ba ta shiga jami'a ba, amma ta haɗa furotin da niyasin da ƙarfe da bitamin A da C a kwano ɗaya.

Mun san abin da da yawa ke jira mu zo kansa shi ne ƙurajen fuska, domin su ne suka fi hana ɗalibi barci. A nan ma an kama wanda bai ci nanin ba. Da ƙurji ya fito, sai a ce gyaɗa ce, a daina cinta, a ci gaba da shan lemon kwalba. Asalin ƙurajen nan sinadaran balaga ne da gado, suna sa fata ta yi maiƙo da yawa, ƙofofin gashi su toshe. Inda abinci ya shigo, hujja ta fi karkata ga sukari da farar fulawa da duk abin da ke saurin narkewa ya zama sukari a jini, domin suna sa insulin ya hau, shi kuma ya zuga maiƙon fata. A wani gwaji da aka yi a Ostareliya a 2007, an raba samari 43 masu ƙuraje gida biyu na mako 12, waɗanda aka rage wa irin wannan abinci ƙurajensu sun fi raguwa. Madarar shanu ma an ga tana da ɗan hannu a wurin wasu mutane. Gyaɗa kam ba a kama ta da wani laifi tabbatacce ba; wadda za a guda ita ce mai hunhuna da ɗaci, ita ma don hanta ne, ba don fuska ba. Haka nan baƙin da ke yin kauri a bayan wuya da hammata, mai laushi kamar karan-miski, wanda ake ta dirza da soso ana zaton dauɗa ce, sau da yawa gargaɗi ne cewa jiki ya fara gajiya da sukari, kuma ciwon sukari na iya biyo baya. Mai wannan alama gwajin jini ya kamace shi, ba sabon sabulu ba.

Adalci ya sa mu faɗi inda ikon abinci ya tsaya, don kada mu zama kamar masu tallar magani a tasha, maganinsu ɗaya cuta saba'in. Sanƙo gado ne, ko buhun wake mutum ya cinye ba zai koma ba. Makero da ƙyasbi da ƙazuwa ƙwayoyin cuta ne, asibiti ake kai su. Amosanin kai yana da sabulunsa. Gashin gaban goshi da ke ja da baya a wurin mata da yawa ɗaurin kitso ne da nauyin ƙarin gashi da man miƙarwa. Kuma abinci gyara yake yi inda aka sami giɓi; wanda ya riga ya ƙoshi, ƙari ba ya ƙara masa kyau. A nan ne 'yan kasuwar ƙwayoyi ke cin kasuwarsu. Ƙwayar bayotin da ake tallatawa a waya don tsawon gashi, da wuya a sami mai cin abinci sosai da ya rasa wannan sinadari, sai fa masu kwankwaɗar ɗanyen ƙwai kullum, gama ɗanyen farin ƙwai na ɗaure shi. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yawan shan bayotin na iya rikita sakamakon gwajin jini, har da wanda ake gane bugun zuciya da shi. Bitamin A ma in ya yi yawa ta hanyar ƙwaya, shi da kansa zubar da gashi yake yi, ga haɗari ga mai juna biyu. Sha-ka-fashe kuwa, wanda sau da yawa deksametazon ne a ciki, kumburi yake sawa, ya sirantar da fata, ya tsaga ta da nankarwa, ya kawo ƙurajen da ake gudu, ya buɗe ƙofar hawan jini da ciwon sukari. Ɗan'uwansa bilicin ba sai mun tsawaita ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan ƙasar nan suna shafa man canza launi, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Wasu mayukan akwai makuri a ciki mai lalata ƙoda, wasu haidrokwinon mai barin baƙin tabo da ba ya fita. Kyan ɗan maciji ke nan.

Yanzu mai karatu zai ce, to malam edita, duk mun ji, amma da wane kuɗin? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba za mu kauce mata ba. An yi zamanin da ɗalibin jami'ar tarayya ke miƙa tikiti ya karɓi abinci sau uku a rana da tallafin gwamnati. A Afrilun 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka fito a zanga-zangar da ta nemi a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin ɗungurungum, kowa ya koma ga risho da tukunyarsa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ɗalibin da ke jiƙa gari ba don sha'awa yake yi ba, mun sani, gama a ɗaki ɗaya muke kwana. Darasin Goldberger ma ai shi ne cutar fata na iya zama sunan talauci.

Amma ko a cikin talaucin akwai zaɓi, kuma lissafin ba shi da wuya. Ɗalibi mai nauyin kilo 60 yana buƙatar furotin kimanin giram 48 a rana. Garin rogo bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, wato ko ya ci mudu guda bai kai ba. Wake ya haura kashi 20, waken suya da ake awara da shi ya haura 35. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na bi mata, amma ɗan jami'a na jin kunyar a gan shi da garau-garau. Alhali hatsi da wake kowanne na cike giɓin ɗan'uwansa, abin da wannan ya rasa na ginin jiki wancan na da shi, shi ya sa shinkafa da wake, da koko da ƙosai, da ɗanwake, da fura da nono, suka riƙe kakanninmu. Kuɗin lemon kwalba biyu zai sayi awara da ƙuli-ƙuli da gwaiba. Kuɗin kwalbar man fuska guda zai sayi waken mako biyu ko fiye. Wanda ya ce ba shi da na ƙwai amma yana da na man gemu, mu yi wa juna gaskiya, ba talauci kaɗai ke damunsa ba.

Ragowar nauyin yana kan Ƙungiyar Ɗalibai da hukumar jami'a, kuma ba mu zo da roƙon abin da ya fi ƙarfinsu ba. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin makon al'adu da gasar ƙwallo tana iya sayen wake da gyaɗa da gero da kaka, lokacin da suke araha, ta ajiye, ta sayar wa ɗalibai mudu-mudu a kan farashin sari idan bazara ta yi. Tana iya zama da masu sayar da abinci a harabar makaranta, waɗanda da izini suke zaune, a yi yarjejeniya cewa kowace rumfa za ta riƙa samar da abinci ɗaya mai wake ko ganye a farashin da talaka zai iya. Matan da ke kawo zogale da rama da awara da nono, waɗanda masu gadi ke kora daga bakin ƙofa alhali mai tallar man bilicin na da shago a ciki, a ba su wuri mai inuwa da ruwa, a duba tsabtarsu, a bar su su yi sana'a. Asibitin jami'a kuma ya ware mako guda a kowane zango don awon jini kyauta ko da rangwame, musamman ga ɗalibai mata. Awo ne na ɗigon jini daga yatsa da 'yan mintoci. Muna kuma kira ga Sakataren Walwala da ya zaga shagunan nan tare da ɗaliban haɗa magunguna, a karanta abin da ke rubuce a jikin kwalabe, wanda aka ga ba shi da lambar rajista a sanar da hukuma.

A namu ɓangaren, mun keɓe shafi biyu a fitowa ta gaba ga ɗaliban likitanci da na aikin gona da na kimiyyar abinci, su tsara mana abincin mako guda wanda za a iya dafawa a kan risho ɗaya da tukunya ɗaya, da farashin kowane abu kamar yadda yake a kasuwar bakin makaranta, ba kamar yadda yake a littafi ba. Mai son sa hannu ya kawo rubutunsa ofishin mujalla kafin hutun tsakiyar zango.